Ledar jeri, alwatika ko buroshi: me mai teburin sunuka zai fara saya a ƙasar ƙura?

Ƙanena da ke Marwa ya sayi teburin sunuka ya kafa a wata rumfa kusa da gida, bai fi wata huɗu ba. Kwanan baya ya kira ni da dare ya ce, "Yaya, na ga a bidiyon manyan gasa ba sa jera ƙwallaye da katako, wata 'yar leda suke shimfiɗawa. Akwai mai tafiya Duwala, in ba shi saƙo ya sayo min?" Kafin in ba shi amsa na tambaye shi yaushe rabonsa da wanke ƙwallayen, kuma da me yake rufe teburin in an tashi. Ya ce yaron shago yana kaɗe shi da tsumma kowace safiya, batun rufewa kuwa ai akwai kwano a sama. Daga nan na san ba leda ce matsalarsa ta farko ba. Amma tambayar tasa tana kan hanya, kuma ba shi kaɗai ke yin ta ba, shi ya sa na ga gara in baje maganar gaba ɗaya.

Shekara bakwai ke nan ina riƙe da tebur biyu a Garwa, ta wajen Yelwa. Wasan da muke yi, wanda wasu a nan ke ce wa biyar daga kalmar Faransanci, 'yan uwanmu na tsallaken iyaka kuma su ce sunuka, shi ne mai ƙwallaye goma sha biyar da fara ɗaya, ba ainihin sunukar Ingila mai ƙaton tebur ba. Wajen jera ƙwallaye kafin bugun farko na yi aiki da alwatikar katako, na yi da ta roba, na yi da leda, na kuma taɓa gwada dabarar ƙwanƙwasa ƙwallo a kan ƙyalle.

Abin da ya sa jeri yake da nauyi haka shi ne, idan ƙwallayen suna manne da juna, ƙarfin bugun farko yana ratsa su daga ta gaba har zuwa layin baya kamar jiki ɗaya, su watse ko'ina a tebur. Idan kuwa akwai 'yar tazara, ko da ba ta wuce kaurin takarda ba, musamman tsakanin ta gaba da biyun da ke bayanta, ƙarfin sai ya karkata gefe guda, ɗaya gefen ya tashi a banza. Mutum ya zage ya buga, a ji ƙara kamar an fasa tulu, a duba a ga ƙwallaye sun cunkushe a wuri ɗaya sun ƙi tafiya. Wanda ya buga ya ce an cuce shi a jeri, wanda ya jera ya rantse da Allah ya matse su iya ƙarfinsa. Sau da yawa dukansu gaskiya suke faɗa. Yawancin gardamar da na raba a rumfata daga nan ta taso.

Alwatika ita ce tsohuwar zuma. Ba ta tsoron hannun yara, ba ta damu ko ƙwallayenka sun ɗan cinye ba, kuma da zarar an ɗaga ta teburin ya zama fili, babu abin da ya rage a kai. Kafinta na unguwa zai iya haɗa maka, muddin ya goge bakinta ya yi sumul don kada ta riƙa kankare ƙyalle, ya kuma bar 'yar sarari a baya inda yatsu za su shiga su tura ƙwallaye gaba. Tsakanin ta katako da ta roba, ni ta katako nake zaɓa ba tare da dogon tunani ba. Ta roba mai araha tana lanƙwasawa in ka matsa, sai ka ga kamar jerin ya kama alhali bangonta ne ya buɗe. Ga kuma zafin Garwa a Maris da Afrilu, da yake wuce digiri 40, ƙarƙashin kwano kuwa sai wanda ya zauna ya sani. Roba ta kwana biyu a wannan wutar sai ta murɗe.

Amma alwatika tana da cuta guda wadda gwanintar mai jeri ba ta warkarwa. Wurin da ake jera ƙwallaye kullum yana yin ƙananan ramuka a ƙyalle, waɗanda ido ba ya gani sosai sai ka kwantar da kai ka haska fitilar waya ta gefe. Ka matse ƙwallaye tsam, ka tura alwatikar gaba kaɗan, ka ɗaga ta daga baya a hankali, sai ka ga ta gaba ta yi baya da kanta ko ta gangara gefe ta faɗa tsohon raminta. Ka sake, ta sake. A tsohon ƙyalle za ka iya jera sau biyar ba ka sami biyu iri ɗaya ba. Kuma jan alwatika cike da ƙwallaye daga bangon tebur zuwa ɗigon da ake jeri a kansa, wanda kowa ke yi, shi ma yana cin ƙyallen a hankali har ya bar farin sawu.

Wannan cutar ce leda ta zo ta magance. Siririyar leda ce mai ɗan tauri da aka huda wa gurabe, kowace ƙwallo da gurbinta. Dabarar tana cikin awon gurabun: an yanka su ta yadda kowace ƙwallo za ta zauna a bakin gurbi tana jingine da 'yar uwarta, nauyinta ne da kansa ke tura ta ciki. Ba matsawa, ba ɗagawa. Ana bugun farko ledar tana ƙasa, daga baya a zare ta. Magic Rack da Accu-Rack da Turtle Rack su ne sunayen da aka fi sani. Hukumar wasan ta duniya, WPA, wadda aka kafa a 1987, ta yarda a yi aiki da ita a wasan ƙwallo takwas da tara da goma, wato nau'o'in wasan da aka sa wa sunan lambar ƙwallon da ke rufe su, da sharaɗin kada kaurinta ya wuce milimita 0.14, kuma kada a manna ta a tebur da gam.

Ranar da na fara shimfiɗa ta a teburina, gaskiya na ji daɗi. Yaron da bai fi shekara goma sha huɗu ba ya jera, na duƙa na duba, babu inda haske ke wucewa. Aka fasa jerin da bugun farko, ƙwallaye suka baje har ƙarshen tebur, kuma ba wanda ya ce uffan a kan jeri duk yinin. Wannan alheri ne babba, kuma ba zan rage shi ba. Sai dai leda tana da sharuɗɗa, kuma yawancin teburanmu ba su cika su ba.

Na farko girman ƙwallo. Ƙwallayen Amurka masu lamba, rabi cikakken launi rabi masu zane, faɗinsu milimita 57.15 ne, nauyinsu tsakanin giram 156 da 170. Na Ingila, ja da ɗorawa, milimita 50.8 ne, fararsu ma ta fi ƙanƙanta, kusan 47.6. Ledar da aka yanka wa na farko ba za ta yi wa na biyu komai ba, ƙwallayen za su zauna nesa da juna. Wanda zai aika saye ya fara auna abin da yake da shi.

Na biyu, kuma shi ne ya fi kama mutane, daidaiton ƙwallayen a junansu. Ƙa'idar WPA ba ta yarda faɗin ƙwallo ya kauce wa awon da aka tsayar da fiye da kusan milimita 0.13 ba. Ƙwallo kuwa tana cinyewa, musamman fara da wadda aka saba sa wa a gaba, domin su ke shan duka. Masu kyau irin Aramith, da kamfanin Saluc ke yi a Beljiyam da wani taurin roba da ake kira fenolik, suna jimrewa shekaru. Masu araha na foliyesta, waɗanda ke zuwa tare da yawancin teburan da ake shigo mana da su, suna saurin dusashewa da cinyewa. Sannan ga al'adarmu: lamba shida ta ɓace, a samo wata daga wani saiti a cike. Alwatika za ta ɗan rufa wa irin wannan haɗin gambiza asiri saboda yatsa na matsawa. Leda ba ta da yatsa. Ƙaramar ƙwallo za ta zauna a gurbinta ba ta taɓa kowa ba, kuma babu yadda za ka yi da ita. Gwajin yana da sauƙi: jera ƙwallaye uku a layi a jikin bango, ɗora rula ta ƙarfe a bisansu. In rular tana rawa, ko haske na wucewa a kan ta tsakiya, ajiye kuɗin leda tukuna.

Na uku, ledar tana kan tebur bayan an fasa, kuma a nan ne take taɓa tafiyar ƙwallo. Ƙwallo mai gudu tana haye ta kamar babu komai. Wadda ta zo ƙarshen tafiyarta, tana rarrafe, ita ce bakin leda ko gurbi ke iya karkatar da ita ko ya tsayar da ita kafin lokacinta. Ƙa'ida ta ce a zare ledar da wuri, amma in ƙwallaye fiye da biyu suna tare hanya sai a bar ta har su tashi. A wasan ƙwallo tara wannan ba ya cika damuwa, domin ƙwallayen kaɗan ne kuma suna watsewa. Mu kuwa ƙwallo takwas muke yi, goma sha biyar a tebur, kuma ba kowa ke da ƙarfin bugu ba. In mai fasawa ɗan koyo ne, huɗu ko biyar za su zauna a kan ledar, a yi rabin wasa tana shimfiɗe. Ɗaga ƙwallo a zare leda a mayar da ita daidai gurinta kuma wata sabuwar ƙofar gardama ce, musamman inda wanda aka ci shi ke biyan kuɗin tebur.

Ga kuma ajiya. Leda ba ta son ninki ko kaɗan. Tawa ta farko wani yaro ya naɗe ta kamar tabarma ya cusa a ramin tebur don ya share wuri, da kyakkyawar niyya. Na danne ta da littattafai kwana uku, layin ninkin bai tafi ba, kuma duk ƙwallon da ta bi ta kansa a hankali sai ta kauce. Ta biyu tsakanin kwali biyu take kwana, a kwance, nesa da rana.

Akwai wani abin da ban yi zato ba sai da na gani. Jeri mai kyau ƙwarai yana maimaita kansa. Gwani ya gano inda zai ajiye fara da ƙarfin da zai sa, sai ƙwallo ɗaya ta riƙa faɗa rami ɗaya kusan kowane fashi. A wasan tara, ƙwallon da ke kafaɗar jeri ce ke tafiya ramin kusurwa, har ya kai masu shirya gasa irin Matchroom suka matsar da jeri gaba, lamba tara ta hau ɗigo, suka kuma taƙaita wurin da za a ajiye fara. A wasan takwas, biyun da ke layi na biyu ne ke neman ramukan tsakiya. Ga mai atisaye wannan ni'ima ce, yana ganin ci gabansa ƙarara. Ga mai rumfa kuwa, in gwanaye biyu suka mamaye tebur, masu koyo sukan ja jiki su koma wani wuri.

Dabarar ƙwanƙwasawa, wato a ɗora ƙwallaye a gurabensu a ɗan bubbuga kowacce da fara har ta yi wa kanta mazauni a ƙyalle, ana yin ta a gasa a Turai a kan ƙyalle mai kyau. A ƙyallenmu mai kauri da gashi mazaunin ba ya daɗewa, kuma wanda bai iya ba zai buga da ƙarfi ya lalata wurin. Na gwada sau ɗaya ban sake ba.

Duk wannan magana a kan bugu ɗaya ce cikin wasa. Sauran bugun kuwa, daga na biyu har baƙar ƙwallon da ke rufe wasa ta faɗa, tsabta ce ke mulkinsu.

Wanda bai zauna a nan ba ba zai gane ƙurarmu ba. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris iskar hunturu na kwaso ta daga arewa maso gabas, mafi yawa daga kwarin Bodele a Chadi, tsohon gindin tafki da ya bushe, ɗaya daga cikin wuraren da suka fi tayar da ƙura a duniya. Gari ce mai laushi kamar hoda, tana shiga ta ƙasan ƙofa da ramin makulli. Ka bar tebur a buɗe dare ɗaya, da safe ka ja yatsa a kan katakon gefe ka rubuta sunanka. Abin da ya sauka a katako shi ya sauka a ƙyalle, sai dai ƙyallen yana haɗiyewa. Ƙari a kan haka alli. Allin sanda ba irin na makaranta ba ne, garin yashi ne da wani ma'adini mai kaifi aka dunƙule, don ya sa kan sanda ya kama ƙwallo. Wanda ya goga alli a saman tebur yana zuba wa ƙyallen sanfefa ne. Ƙwallaye su yi ta birgima a kai, ƙyalle ya ci, su ma su ci.

Illar tana fitowa ta fuska uku. Ƙwallo tana gajiya da wuri, abin da kowa ke cewa teburin ya yi nauyi. Sannan a ƙarshen tafiya, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta kautar da ita daga bakin rami, mai tebur ya yi ta zargin ƙafafun tebur alhali ba su da laifi. Ta ukun ita ce ta fi ciwo, domin tana faruwa tsakanin ƙwallo da ƙwallo. A ƙa'ida, in fara ta yanki wata ƙwallo ta gefe, tana ɗan jan ta daga layi saboda gogayya, kuma gwanaye sun saba da wannan suna lissafa shi. Amma in tabon alli ko datti ya faɗo daidai inda biyun suka haɗu, sai su kama juna na ɗan lokaci, a ji wani sauti mara daɗi, ƙwallon ta kauce layi ta bugi gefen rami. Mutum ya auna daidai, ya buga daidai, ya rasa. Na ga wani dattijo da ke zuwa bayan la'asar ya rasa baƙa ta wannan hanya, ya ɗauki farar ya juya ta a hannu, ga shuɗin tabo ƙarara. Bai ce komai ba, ya goge ta da gefen rigarsa ya miƙo min. Daga ranar na sa doka a goge fara kafin kowane fashi.

Damina kuma da tata. In Binuwai ya cika, iska ta yi nauyi, ulun da ke cikin ƙyalle yana shan laima, tebur ya ƙara nauyi, robar gefe ta riƙa kama ƙwallo tana maido ta a takure. Ƙurar da aka bari tun hunturu ta haɗu da laima da maiƙon hannu ta zama danƙo. Shi ya sa sharar da ta fi muhimmanci a shekara ita ce ta ƙarshen bazara, kafin ruwa ya sauka.

Hanyoyin sharar ma ba ɗaya ba ne. Kaɗewa da tsumma, irin na yaron ƙanena, tayar da ƙura ne kawai ta sake sauka. Tsintsiya tana yage gashin ƙyalle. Buroshi mai laushi shi ne na kullum, a ja shi a miƙe ba a zagaye ba. Ƙyalle mai gashi yana da kwanciya, daga inda ake fasawa zuwa inda ake jeri, kuma ta nan ake bi da shi. Mai sumul irin Simonis 860, na garin Verviers a Beljiyam, mai kashi 90 ulu da kashi 10 nailan, ba shi da wannan kwanciyar, kuma ba ya riƙe ƙura kamar mai gashi, sai dai tsadarsa da samun wanda zai ɗaura shi daidai. Kada a manta ƙarƙashin robar gefe, nan ne ƙura ke taruwa. Injin zuƙar ƙura ya fi buroshi ciro abin da ya nutse, amma a rage masa ƙarfi kuma kada a sa bakin da ke juyawa, domin mai ƙarfi yana ɗaga ƙyalle, yana iya zuƙo abin da aka toshe mahaɗin falalen dutsen da ke ƙarƙashin ƙyalle da shi. Sau ɗaya a mako ya isa. Bayan buroshi, tsumma mai laushi da aka jiƙa aka matse sosai, a shafa sau ɗaya a bari ya bushe. In teburinka katakon gari ne a ƙasa ba dutse ba, yi hankali da ruwa ninki biyu, domin yana kumbura.

Ƙwallaye kuwa ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulu mai laushi, a ɗauraye a goge su bushe. Ban da jabel na faranta tufafi, ban da fetur, ban da man goge kujera ko basilin don su yi sheƙi. Sheƙin mai yana sa su santsi da safe su koma kama juna da yamma, kuma man a ƙyalle yake ƙarewa. Hodar hannu ma ta bi sahun alli. Safar hannu mai yatsa uku ta fi. Mai cin soya ko gyaɗa ya wanke hannu kafin ya ɗauki sanda, kofin shayi kuma ba a bakin tebur ba.

Wanda ke son ya gani da idonsa, ya haɗa sanduna biyu gefe da gefe, ya ɗora gindinsu a kan bango su zama gangara, ya saki ƙwallo daga wuri ɗaya ya sa alama inda ta tsaya. Ya share tebur, ya wanke ƙwallon, ya sake. A teburina, a tsakiyar Janairu, bambancin ya kai taƙi biyu. In kuma bayan shara ƙwallo tana karkata gefe ɗaya kullum, to wannan aikin ma'aunin magina ne da ƙafafun tebur, leda ko buroshi ba su da hannu a ciki.

Don haka ga mai rumfa ta kasuwanci, wadda gefenta a buɗe yake, yara na shiga suna fita, ƙwallaye kuma haɗin gambiza, kuɗin farko na tamfol ne da zai rufe tebur har ƙasa, sai buroshi da tsummoki, sai alwatikar katako mai kyau. In an sami rara, saitin ƙwallaye masu kyau ya riga leda. Mai tebur a cikin ɗaki ko otal, mai ƙyalle sumul da ƙwallaye saiti ɗaya, ko matasan da ke shirya gasa tsakanin unguwanni, su leda za ta yi musu rana sosai, su sayi biyu ma don ɗaya za ta lalace. Ni a wurina alwatika ce ke aiki duk mako, leda sai daren Asabar in gwanaye sun haɗu, bayan an share tebur an wanke ƙwallaye.

Haka na faɗa wa ƙanena, na ce ya ɗauko rula ya auna kafin mai tafiya Duwala ya tashi. Washegari ya turo min hoto a WhatsApp. Ƙwallayensa ja da ɗorawa ne, ƙananan nan na Ingila, biyu daga cikin jajayen ma launinsu ya bambanta da saura. Ya fasa saƙon leda, ya je kasuwa ya yanko tamfol, ya ce in aiko masa da buroshi irin nawa a motar Marwa.